Ranar da Na Fara Kiran Buba

Akwai labarin da ake bayarwa a gidan nan game da ni da yayanku Abba, kuma dukkanku kun tashi kun same shi. Wai ranar zaɓen 'yan wasa na tsallake shi ne saboda kunyar ɗan fari, wai bakina ne ya yi nauyi na kasa kiran sunansa a gaban jama'a, sai na kira na wani. Mahaifiyarku ce ta fara faɗin haka don ta rufa mini asiri, ni kuma na yi shiru na bar maganar ta zauna kusan shekara ashirin, saboda ta fi gaskiyar daɗin ji. Ba haka aka yi ba. Yanzu da na ajiye aiki, gwiwa ta hana ni zuwa fili, ina da lokacin da zan zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance, don kada in tafi in bar ku da labarin da ya wanke ni alhali ban wanku ba.

Kun san ni malamin firamare ne a Kazaure, kuma ni ke horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu. A lokacin ƙungiyoyi huɗu ne muke karawa da juna: tamu, da ta Roni, da ta Gwiwa, da ta Babura. Shekaru da dama Babura ce ke cinye mu, ba don sun fi mu iya horo ba, sai don duk yaron da ya fara tashe a yankin nan 'yan kasuwarsu za su lallaɓa su janye shi. Da rigima ta yi yawa, har aka taɓa watsewa a fili da jifa, sai dattawan wasan suka zauna suka kafa tsari. Bayan kaka, in an gama kai amfanin gona gida, a tara yaran da ba su wuce shekara goma sha takwas ba daga wuraren huɗu, a yi mako uku ana gwada su, kullum ana cakuɗa su ana sake raba su. Ranar ƙarshe masu horarwa su zaɓa bi da bi. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gasar bara ita ke fara kira, zakara ya kira a ƙarshe, sannan a sake zagayowa. Yaron da aka kira ya zama na ƙungiyar har shekara biyu, ita za ta sama masa masauki da makaranta ko wurin koyon sana'a. Akwai kuma wata doka ƙarama da ba wanda ya damu da ita: in aka kira yaro ba ya wurin, ya fita daga zaɓen wannan shekara.

A shekarar da nake ba ku labari mu ne muka zo na ƙarshe. Ba na son tuna gasar. Bayanmu ba laifi, golanmu ma yana ƙoƙari, amma gabanmu a mace yake, sai mu yi wasa uku ba mu girgiza raga ba. In na bi ta kasuwa mahauta su riƙa tambayata ko in kawo 'yan wasana su taya su fiɗa, tunda ba su da abin yi a fili. Ladan wannan wulaƙanci shi ne kiran farko, kuma kowa a Kazaure ya riga ya san wanda zan kira, domin Abba yana cikin yaran gwaji, shekararsa goma sha bakwai, kuma ba yaron da ya kai shi zura ƙwallo.

Bari in faɗi gaskiya game da wasansa, don ban taɓa faɗa masa ba. Yayanku ɗan wasan gaba ne na gaske. Yana da ƙirji, yana da gudu, kuma in ƙwallo ta zauna masa a ƙafar dama cikin da'irar gola, to sai dai a je a ɗauko ta a raga. Ba ya tsoron 'yan baya, ba ya rufe ido in zai sa kai. Amma ni ba na kallon gwaji daga inda jama'a suke. Ina zuwa bayan raga in zauna a kan wani dutse, in bar ƙwallo ta tafi inda za ta, in zuba wa yaro ɗaya ido minti goma ina ganin abin da yake yi lokacin da ba ta wurinsa. Abin da na gani a Abba shi ne tsayuwa. Yana manne da ɗan baya na ƙarshe, hannu a sama, yana jiran a kawo masa. In aka kawo, ya ci. In ba a kawo ba, ya riƙe ƙugu ya ɓata rai, ƙwallo ta ƙwace daga hannunsu ba zai taka taku biyar ya nemo ta ba. Wannan ba aibu ne da ba ya gyaruwa ba, yawancin masu ci haka suke a shekarunsa. Matsalar ita ce ƙungiyata ba ta da mai kawowa. Da na sa shi a gabanmu a yadda muke, da ya shekara yana ɗaga hannu.

Sai a kwana na biyar na lura da Buba. Wani siririn yaro ne daga wata ruga a ƙasar Gwiwa, da takalmin roba, wandonsa ya yi masa yawa har yana ɗaure shi da igiya. Shi ma gaba yake bugawa, amma a mako ukun nan ƙwallayen da ya ci ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, don haka ba mai maganarsa. Abin da ya ja ni shi ne wuyansa. Yaron nan ba ya daina waige. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya duba hagu, ya duba dama, ya duba baya, saboda haka taɓawarsa ta farko kullum tana kai ta inda ba kowa. Yana janyo ɗan baya ya fito daga wurinsa, ya bar rami, ya jefa ƙwallo cikin ramin ba tare da ya ɗaga kai ba. In aka ƙwace, shi ne na farko a kan wanda ya ƙwace. Na fara rubuta rabon kowace rana a bayan littafin darasina, kuma cikin kwana goma abin ya fito fili. Ranar da aka haɗa Abba da Buba a gefe ɗaya, Abba ya ci biyu ko uku, jama'a su yi ta ihu. Ranar da aka raba su, Abba ya bushe, wani yaron da ba a san shi ba a gefen Buba ya wayi gari gwani. Na ji daɗin gano wannan, ba zan ɓoye ba, irin daɗin da mutum ke ji in ya ga abin da ɗaruruwa suka kalla ba su gani ba. Ina jin daga nan girman kaina ya shiga maganar.

Wata Asabar na hau babur na je rugarsu, don ba a ɗaukar ɗan makiyayi ba a ji ta bakin ubansa ba. Na samu Ardo, mahaifinsa, a gindin wata tsamiya yana gyaran igiya. Aka kawo mini nono, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har na gama.

"Malam, ni ban san ƙwallo ba," ya ce. "Amma in kana tambayar ko yana da ido, yana da shi. Tun yana ƙarami in ya fita da shanu bai taɓa sa ni biyan ɓarna ba. Yana sanin wadda za ta shiga gonar mutane kafin ta ɗaga ƙafa."

Na ce abin da na gani ke nan a fili.

"To in ka ɗauke shi, makaranta fa? Don ba zan ba da shi ya je birni ya yi ta gudu a banza ba."

Na yi masa alkawarin makaranta, na ce a gidan ƙanena zai zauna. Ya murza igiyar, sannan ya ɗago.

"An ce kai ma kana da yaro a ciki. An ce ya fi kowa."

Na ce haka ake faɗa. Ya kalle ni, ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri.

Mutum ɗaya na faɗa wa shirina, Ɗanlami mai gyaran babura, tsohon golanmu, wanda ke taimaka mini da horo. Na same shi a rumfarsa da hantsi, hannunsa duk baƙin mai, na zana masa abin a ƙasa da tsinke. Mu ne na farko, Gwiwa na biyu, Roni na uku, Babura na huɗu, sannan a dawo kanmu. In na fara kiran Abba, mai horar da Gwiwa zai ɗauke Buba nan take, domin yaron ƙasarsu ne kuma na ga shi ma ya fara zama kusa da raga. Amma in na fara kiran Buba, wa zai kira Abba? Duk masu horarwar nan uku mun yi wasa tare muna samari, sun zo sunan Abba, sun ci tuwo a gidana. Ba wanda zai miƙe a gaban jama'a ya ɗauke wa mutum ɗansa na fari ya kai shi wani gari. Za su yi mini kara. In an zagayo sai in kira shi, in tashi da su biyun, mai kawowa da mai ci.

Ɗanlami ya daɗe yana kallon zanen.

"Lissafin ya fita, Malam," ya ce. "Ka faɗa masa?"

"Wa?"

"Abba mana."

Na ce ba zan faɗa masa ba. In ya sani mahaifiyarsa za ta sani, in ta sani kafin Juma'a maganar ta kai Roni, in kuma sauran suka ji cewa da gangan nake jingina da kararsu, to ba kara kuma, sai su ɗauke shi don su nuna mini su ma suna da wayo.

"To ka ce masa ya yi shiru."

"Yaro ne. Fuskarsa za ta nuna."

"Malam, minti nawa ne tsakanin kiranka na farko da na biyu?"

Na ce bai fi goma ba.

"Minti goma yana zaune a benci, garin nan duka yana kallonsa. Ni dai da ni ne, da na faɗa masa."

Na ce masa ya ji da baburansa. Dalilan da na ba Ɗanlami gaskiya ne, amma akwai na ƙasansu wanda ban faɗa ba. Ban san yadda zan zauna da yaron nan in yi masa bayani ba. Shi ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi, shi ya sa kowa ke ce masa Abba. Tun yana ɗan shekara biyu mahaifiyata, Goggo, ta ɗauke shi ɗakinta. Tsakanina da shi sai "kai, zo nan" da "kai, je ka". Ko a fili sai in sa Ɗanlami ya gaya masa gyaran da nake so. Kuma in zan yi masa bayanin, dole in ce masa akwai yaron da ƙungiyarmu ta fi buƙata a kansa. Wannan ce kalmar da na kasa, ba sunansa ba.

Ana gobe zaɓe na dawo daga makaranta da azahar na tarar gidan kamar ana shirin biki. Mahaifiyarku ta wanke masa farar riga ta shanya, ke Hadiza kina zaune kina goge masa takalmin ƙwallo da tsumma, shi kuma yana kwance a tabarmar Goggo tana tsokanarsa kamar yadda ta saba.

"Mijin nawa gobe zai zama ɗan ƙwallon gari," ta ce. "To ka sani ni ba na auren mai gajeren wando."

"Ai sai ki nemi wani, Goggo," ya ce. "Gobe 'yan mata za su yi layi."

Da ta gan ni sai ta ɗaga murya.

"Isa, an ce kai ne za ka fara kira. To yaya za ka yi da sunan? Ko Ɗanlami za ka sa ya faɗa maka?"

Duk gidan aka yi dariya, har shi, yana sunkuyar da kai. Na ce za a san yadda za a yi, na shige ɗaki. Na ji shi yana ce wa mahaifiyarku ta ajiye masa fura mai yawa gobe, abokansa za su biyo shi. Ina zaune a bakin gado, tsakanina da shi labule ne kawai. Da na ɗaga labulen na ce "kai, zo nan", da yau ban samu abin rubuta muku ba.

An yi zaɓen bayan la'asar a filin makarantar sakandare. Yaran suna zaune a benci huɗu a tsakiya, jama'a sun kewaye su, wasu a kan katanga, wasu a kan babura. Mu huɗu muna gaban tebur tare da shugaban zaɓen, wani tsohon hedimasta mai tsananin bin doka, da takardar sunaye a hannunsa. Ya yi addu'a, ya karanta dokoki, ya ce Kazaure ta kira. Tun kafin in miƙe samarin unguwarmu sun fara kiran "Abba, Abba". Na miƙe na ce, "Buba Ardo, daga Gwiwa."

Buba kansa bai tashi ba sai da na kusa da shi ya zungure shi. Ya taho yana waige kamar yadda yake yi a fili, ya tsaya bayana. Wani daga kan katanga ya ce, "Wane ne kuma Buba?" aka yi 'yar dariya, ta mutu.

Mai horar da Gwiwa ya miƙe. Ya kalle ni, ya kalli benci, ya ɗan yi murmushi, ya kira wani ɗan baya. Na Roni ya yi gyaran murya ya kira gola. Saura Alhaji Mamman na Babura, wanda shi na fi tsoro, don ba ya wasa da nasara. Ya daɗe a tsaye yana juya hularsa. Sannan ya kira wani ɗan tsakiya daga Kanya Babba ya zauna. Lissafina ya fita daidai, ba inda ya kuskure. Na tuna har na ɗan taɓa Ɗanlami da gwiwar hannu.

A duk tsawon minti goman nan ban kalli bencin ba ko sau ɗaya. Idona yana kan mutum ukun da nake wa lissafi. Ni da nake taƙama da kallon yaro lokacin da ƙwallo ba ta wurinsa, ranar ban kalli nawa ba. Daga baya Ɗanlami ya gaya mini abin da ya faru. Da na kira Buba, Abba ya yi murmushi, yana zaton wasa ne ko kuskure. Da Gwiwa ta tsallake shi, murmushin ya tafi. Da Roni ta kira gola, wani a bayansa ya ce, "Ashe ko ubansa bai yarda da shi ba." Kafin Alhaji Mamman ya gama juya hularsa, Abba ya ɗauki takalmansa ya ratsa ta cikin jama'a ya fita. Shi bai san kara ake yi mini ba. Abin da ya gani shi ne masu horarwa uku, na farkonsu mahaifinsa, sun dube shi sun ce ba sa so.

Shugaba ya ce Kazaure ta sake kira. Na miƙe, na buɗe baki, na faɗi cikakken sunansa kamar yadda yake a takarda, sunan mahaifina, da ƙarfi, karo na farko tun ranar da aka raɗa masa shi. Ba wanda ya tashi. Na juya na ga gurbinsa a benci. Shugaba ya kira sau uku, ya jira, ya aika yara su duba bayan azuzuwa. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Malam Isa, ka san doka." Na ce na sani. Ya ja layi a kan sunan.

Da aka watse Alhaji Mamman ya same ni wajen babur ɗina, ransa a ɓace.

"Kara muka yi maka, Isa," ya ce. "Mun ɗauka kun shirya da yaron. Wallahi da na san bai sani ba, da na kira shi ko za ka daina gaishe ni."

Abba bai dawo gida ba ranar. Gidan kawunsa ya tafi, yayan mahaifiyarku mai sayar da hatsi a Babura, ya aiko a kai masa kayansa. Furar da aka dama wa abokansa ta kwana a ƙwarya. Mahaifiyarku ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Da mata suka fara shigowa jin ba'asi sai na ji tana ce musu, "Kun san Malam da kunya, bakinsa ne ya ƙi." Goggo kuwa ba ta karɓi wannan ba. Ta kira ni ɗakinta ta sa na zauna a ƙasa kamar yaro.

"Ni na haife ka, kada ka kawo mini zancen kunya," ta ce. "Wayo ka yi. Ka yi wayo da abokanka, ka yi wayo da ɗanka, ka manta shi mutum ne."

Ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba.

Na je Babura sau biyu a wannan shekara. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo mini ruwa, ya tsaya daga gefe. Na ce masa baɗi akwai wani zaɓen, ya ce to. Ko a nan ban yi masa bayanin ba, na tsaya ina jiran ya tambaya, shi kuma yana jiran in faɗa. Baɗi ta zo bai shiga gwaji ba. Alhaji Mamman ya yi ta binsa ya zo ko atisaye ne ya riƙa yi da su, ya ƙi. Ya kama harkar hatsi, ya koyi lissafin kuɗin sefa da mutanen Nijar, ya yi aure, ya gina gidansa, kun dai san sauran. Allah ya rufa masa asiri fiye da yadda ƙwallo za ta yi masa, mutane suna yawan gaya mini haka don su sanyaya mini rai. Ba ya sanyaya mini, domin ba shi ya zaɓa ba.

Game da Buba, ban yi kuskure ba, kuma ba zan yi ƙaryar tawali'u in ce na yi ba. Shekarar farko mun tashi daga na ƙarshe zuwa na biyu. Ya mai da wani yaro mai matsakaicin wasa ya zama mai cin ƙwallo, kuma duk ƙwallon da yaron nan ya ɓarar a gaban raga sai na ce a raina da Abba ne da ta shiga. Da su biyun na samu, da mun ɗauki kofi ba sau ɗaya ba. Buba ya gama sakandare kamar yadda na yi wa Ardo alkawari, wata ƙungiya a Kano ta ɗauke shi, ya buga shekaru har rauni ya dawo da shi gida. Shi ke horar da ƙungiyarmu yanzu. Bai taɓa yi mini maganar ranar ba, amma duk sallah sai ya je Babura ya gai da Abba, ban kuma san abin da suke tattaunawa ba.

Bara, bayan rasuwar Goggo, na je Babura ranar kasuwa na zauna a rumfarsa. Mun saba da haka a 'yan shekarun nan, in zauna a kan buhu, ya sa a kawo mini shayi, mu yi maganar farashin gero da ruwan sama. Ranar ciniki ya ɗan lafa da rana, muka rage mu biyu. Yana ɗinke bakin wani buhu, bai kalle ni ba, ya ce,

"Baba, na taɓa zuwa Kano na kalli Buba. Sau biyu. Ban gaya wa kowa ba."

Na ce, "Yaya ka gan shi?"

"Na farko ban ga komai ba. Na biyu sai na koma bayan raga na zauna, na daina kallon ƙwallon." Ya ja zaren ya ɗaure. "Na gane ƙwallayen da na ci a gwajin nan, rabinsu nasa ne."

Na ce ba rabi ba, shi ma ya iya, ba kowa ke cin abin da aka ba shi ba. Wannan ne yabo na farko da na taɓa yi masa a kan wasa. Ya ajiye allurar.

"In da za a maimaita ranar, wa za ka fara kira?"

Na so in yi masa ƙarya, kuma na san zai karɓa don girmana. Amma na ga ya gaji da abin da ake faɗa don a rufa asiri, ni ma na gaji.

"Buba," na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ni ma shi zan kira," ya ce. "Amma ni da na faɗa wa ɗana tun a gida."

Na ce gaskiyarsa ne. Na ce ya yafe mini. Ya ce ba komai, Baba, ya wuce, sannan wata mata ta tsaya da buhunta ya tashi ya auna mata gero. Na zauna ina kallonsa yana aiki, ƙaton mutum mai shekara talatin da shida, har yanzu da ƙirjin nan da ƙafafun nan. Tun yana goma sha bakwai bai ƙara taɓa ƙwallo ba.